Rumbun da Aka Buɗe Mini a Marsey

Ƙafata ta hagu a Marsey take, ƙasar Faransa. Can aka yanke ta, ƙasan gwiwa kaɗan, 'yan shekaru bayan mun samu mulkin kai. Ban ga inda suka kai ta ba, ban kuma tambaya ba.

Sunana Arzika. Ba'adare ne ni, daga wani ƙauye kusa da Barmu, manomi ɗan manomi. Ƙasarmu dutse ce. In damina ta yi kyau ka ci, in ba ta yi ba ka ɗauki sandarka ka yi kudu. Na yi kudu har Abijan, na yi dako a bakin teku. Can na iske taubashina Nomau, ɗan kawuna, mutumin Kalfu. Ya girme ni, ya fi ni baki, ya kuma tsinci Faransanci a wurin masu jirage. Shi ya ce a Faransa aiki ke neman mai yi. Muka shiga jirgin ruwa. Ba ni da labarin jirgi. Amai na yi har muka isa.

A bakin tashar Marsey wani baƙin mutum mai kwat ya tare mu, ya ce shi ɗan'uwa ne, zai sama mana masauki. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya sauka da mu wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ba taga, bango yana tsatsar ruwa. Mutane cike, daga Senegal, daga Mali. Gado ɗaya mutum biyu ke da shi, mai aikin rana ya tashi, mai aikin dare ya kwanta. Ɗan'uwan namu ya ce zai je ya kawo mana bargo. Har na baro ƙasar bai kawo ba.

Muka samu aiki a wurin gini. Siminti nake ɗauka, da katako, da ƙarfe. Gidajen da muke ginawa sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Kowane ɗaki da ruwa cikin bango, da wutar lantarki, da makewayi. Wata rana muna cin burodi a gindin ɗaya na tambayi Nomau.

"Wanga gida na wane attajiri ne?"

"Na matsiyata ne irinka," in ji shi.

"Bar wasa."

"Wallahi. Gwamnati ke gina ma waɗanda ba su da wurin kwana. Haya kaɗan za su biya."

Na daɗe ina kallon ginin. Ko kumandan mai mulkin Tawa, babban garinmu, bai kwana a irinsa ba. A bayan shingen wurin aikin akwai rumfunan kwano da kwali, Larabawan Aljeriya ke ciki da matansu, yara suna wasa cikin taɓo. Nomau ya ce su ma suna cikin masu jira. Na ga an kwashe wasunsu da mota an shigar da su. Wasu suna nan suna jira har na taho. Mu na ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya zo ya tambayi sunanmu, tunda ba mu da iyali a can.

Akwai wani magini Nasara da muke aiki tare, 'ya'yansa da yawa. Nomau ya ji daga bakinsa cewa duk wata ana ba shi wani abu saboda yaran. Na ce a sake tambayarsa, ko Nomau bai ji daidai ba. Aka sake. Haka ne. A garinmu kowane kai haraji ake biya masa, har mutum ya ɓoye ɗansa in masu ƙidaya sun zo. A nan ka haifa a biya ka. Ka tsufa, ka kasa aiki, a biya ka. Na ce lallai na zo wata duniya.

Ranar biya kuwa sai na ga abin da aka ba ni bai kai abin da aka faɗa ba. Nomau ya je ya tambaya, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Sun ce ba sata ba ce. Kowane ma'aikaci ana cire mashi, mai aikin ma yana zuba nashi. Ana tarawa wuri guda. Ran da ka yi ciwo ko ka ji rauni, daga nan za a yi maka magani."

"Ana tarawa wuri guda," na ce.

"I. Kamar rumbu."

Muka dubi juna, muka yi dariya. Mun san wannan rumbun.

Ina yaro, zamanin Nasara, kowace kaka bayan an yanke hatsi sai gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo, kowane gida ya kai rabonsa a zuba a manyan rumbuna a bakin gari. A liƙe da laka, a buga alama. An ce don ranar yunwa ne. Mu muna ce masa rumbun Nasara. Ranar yunwa ta zo. Babana ya je ya tsuguna gaban mai gari, aka ce sai an samu izini daga bariki. Ya koma, aka ce izini yana hanya. Ƙanwata ta rasu yana hanyar. Da aka fasa lakar, rabin hatsin ya zama gari, ƙwari sun gama da shi, sauran kuwa mun ga gidajen da ya shiga. Tun daga ranar na san abu ɗaya: abin da hukuma ta ce za ta ajiye maka, ka yi masa bankwana.

Ranar da abin ya faru ana yayyafi. Igiya ta zame, wani dogon ƙarfe ya sauko mini a ƙwauri. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafi. Fata ta fashe. Shugaban aikinmu ya sa aka ɗauke ni cikin motarsa. Na ɗauka asibiti za mu. Sai ga mu a ƙofar ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa. Ya damƙa mini wani abu a hannu, ya sa yatsa a bakinsa, ya ce in huta, aikina yana jirana.

"Mu tahi likita," in ji Nomau bayan ya tafi.

"Wa zai biya?"

"Sun ce rumbu."

"Kai ka yarda?"

Shi ma bai yarda ba.

Uban Nomau maɗori ne, shi Nomau ya sha riƙe masa ƙafar mutane. Ya fasa akwatin lemu ya fere katakon, ya yage zanensa, ya sayo man shanu a kanti. Mutum biyu suka danne ni, ya ja, ya daidaita, ya yi tofi, ya ɗaure. Ɗorin ya yi kyau, ba na ganin laifinsa. A Adar da rana da busasshiyar iska wataƙila da ta kama. A wannan ramin ba rana. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi. Mutanen ɗakin suka fara rufe hanci da mayafi.

Ba mutuwa nake tsoro ba. Bawa nake gani.

Bawa maginin rijiya ne a ƙasarmu, ƙato, shi kaɗai yake ɗaga dutsen da mutum uku ke ɗagawa. Rijiya ta rufta masa a ƙafa, aka yanke ta a Tawa. 'Yan'uwa suka ciyar da shi damina ɗaya, ta biyu ba ta yi kyau ba. Kafin in bar gida na gan shi a ƙofar masallacin Juma'a na Tawa, zaune a ƙasa, hannu a miƙe. Ya gane ni, ya kau da kai. Ina kwance cikin warin ƙafata, duk sanda na rufe ido sai in ga kaina kusa da shi. Na rantse in haka ne ba zan koma gida ba.

Wata safiya Nomau bai tambaye ni ba. Ya goya ni, ya hau da ni sama, ya kwantar da ni a bakin titi, ya yi ta kururuwa da Hausa, Faransancin duk ya gudu. Wata mai sayar da burodi ta fito, ta duba, ta koma da gudu ta buga waya. Mota fara ta zo.

Ina jiran a tambayi kuɗi a ƙofar asibiti. Ba a tambaya ba. Likita ya kwance tsumman, ya ɗaga katakon lemu ya jujjuya shi, ya faɗi wata magana a hankali.

"Mi ya ce?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Ya ce da ranar aka kawo ka, da ƙafa ta tsira."

Na farka babu ita.

Zanin gado fari fat, ana sauya shi tun bai yi dauɗa ba. Mace Nasara, sa'ar innata, ita ke wanke ni, ita ke ɗauke abin da na yi. A Tawa in Nasara zai wuce kaucewa muke yi daga hanya. Abinci sau uku, har da nama, har da madara. Da suka ji ba na cin alade sai suka daina kawo mini, ba faɗa. Na ce a raina wannan ba zai ɗore ba. Akwai ranar da za su duba su ga baƙo ne, su rufe. Sai na fara tanadi. Kowane ci in raba burodina biyu, rabi in tura ƙarƙashin katifa.

Ran da aka juya katifar ran Lahadi ce, Nomau yana nan. Burodi ya zubo ƙasa, ya yi kore, ya yi gashi. Mai jinyar ta riƙe ƙugu tana ta magana. Kunya ta kama ni.

"Kai, Arzika, ɓera ka zama?" in ji Nomau. "Ƙafa ɗaya ta tahi, wutsiya ta hito?"

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsoho, Luwi, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ƙirjinsa ya lalace. Shi bai yi dariya ba. Ya ce wa matar ta ƙyale ni, uwarsa ma haka ta yi ta yi bayan yaƙin duniya har ta mutu. Sannan ya tambayi Nomau abin da nake tsoro. Na ce a ba shi labarin rumbun Nasara. Ya saurara har ƙarshe, yana tari. Da Nomau ya kai wurin ƙanwata sai ya rufe ido.

"Ya ce mutanensu ne suka yi, bai musa ba," in ji Nomau. "Amma ya ce wanga rumbu ba na kumandan ba ne. Ba izinin kowa ake jira ba. Ka zuba, haƙƙinka ne. Ya ce ka ci burodinka, gobe akwai wani."

Ban yarda ba, amma na daina ɓoyewa don kada in sake jin kunya. Gobe ta zo da burodinta. Jibi ma haka. Wata ya wuce, wani ya kama.

Sai wata mata ta fara zuwa, ƙarama, da jaka a hammata. Aikinta ke nan, bin marasa galihu. Madan muke ce mata. Ta tambayi yadda abin ya faru. Ta je wurin ginin. Shugaban aikin ya ce bai san zancen ba, a gida na faɗi. Ta tsaya cikin taɓo da takalminta mai tsini, ta kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Maginin nan mai 'ya'ya da yawa ya ce a gabansa aka yi. Nomau yana wurin, ya ce shugaban har gumi yake cikin sanyi. Mace guda, ba bindiga, ba gardi, ta sa mai kuɗi ya amsa laifinsa saboda ɗan dako daga Barmu. Na sa Nomau ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga.

Ta dawo ta ce za a ƙera mini ƙafa, kuma za a koya mini sana'ar da ake yi a zaune. Tunda ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, aikin ofis ya fita. Ta ce gyaran takalma.

"Ce mata a'a," na ce. "Ni ba baduku ba ne. Ba mu gada ba."

"In ce mata mi? Kana tsammanin ta san baduku?"

"Ce mata mu manoma ne."

"Manomi!" in ji Nomau. "Da wace ƙafa za ka bi hauya, ɗan gwaggo? Kana tsalle kamar fara, hatsi na jiranka?"

Madan ba ta gane ba, ta ɗauka sana'ar ce ta yi mini wuya. Luwi ne ya sa baki. Nomau ya yi masa bayani cewa a wurinmu aikin fata na wasu gidaje ne, ɗan manomi ba ya taɓawa, in ya taɓa har aurensa sai ya yi wuya. Tsohon ya ɗaga kansa daga matashi da ƙyar. Ya ce ubansa inji ya cinye masa hannu, zamanin ba a yi wannan rumbun ba. Aka biya shi kwanakin da ya yi, aka nuna masa ƙofa. Ya ƙare rayuwarsa a ƙofar majami'a, da hula a ƙasa. Shi Luwi yana yaro shi ke raka shi. Ya ce bayan yaƙi ne suka tashi, su ma'aikata, suka ce ba za a sake ba.

Na ɗauka tun fil'azal haka ƙasarsu take. Ashe su ma sun yi Bawansu. Ashe abin nan da hannu aka gina shi, kuma maginan ga ɗayansu kwance kusa da ni yana tari. Wannan ya fi dogayen gidajen ba ni mamaki.

"Ya ce in tambaye ka," in ji Nomau, yanzu ba wasa a bakinsa. "A garinku wanne ya fi kunya, ɗinka takalmi ko miƙa hannu?"

Na ce a ce wa Madan na yarda.

Abu ɗaya ban gane ba a wurinsu har yau. Luwi yana da gado, yana da magani, yana da abin tsufansa duk wata. Amma duk zaman da na yi ba wanda ya zo gaishe shi. Yana da ɗa a Pari, babban birninsu. Ran Lahadi Nomau kan zo mini da mutanen ɗakinmu, su cika wurin da surutu, sai in tura su gadonsa su yi masa sannu. Luwi ya koyi cewa "yauwa". Ran da za a ɗauke ni ya ba ni wuƙarsa ta aljihu. Daga baya Madan ta ce ya rasu. Na tambayi wa ya raka shi, ta ce hukuma ta yi masa komai. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba.

Aka kai ni wani babban gida a kan tudu, bayan gari. Duk guragu ne da masu dungu, galibi Nasara. Teburi ɗaya muke ci. Wani mai farar riga ya auna dungun ƙafata da farar laka, kamar mai ginin tukunya. Ya ƙera mini ƙafar da itace da fata da ƙarfe. Ta ci ni, na faɗa masa, ya rage. Ta sake cina, ya sake ragewa, bai taɓa tsaki ba. Aka sa ni tsakanin ƙarafa biyu ina koyon tafiya kamar yaron goye. Da yamma kuma wani tsohon mai takalma yana koya mana yanka, da ɗinki, da buga ƙusa. Hannuna ya karɓa. Ran da na sa wando na tsaya gaban madubi ba sanda, Nomau ya zagaya ni ya ce, "To wacce ce ta Allah, wacce ce ta kafinta?"

Da lokacin tahowa ya yi, na ce ba zan bar ƙasar ba sai na yi godiya. A Adar ko ƙwarya ɗaya ta hatsi mutum ya ba ka, da safe za ka je ƙofarsa. Na ce Madan ta nuna mini gidan mai rumbun. Ta yi dariya, ta kwatanta wa Nomau wani ofis. Na sayi goro a wurin wani Basenegale, na ƙulle a ganye. Muka je muka bi layi. Da muka kai sai ga wata yarinya a bayan taga. Na cire hula, na fara: Allah ya saka, Allah ya ƙara arziki, Allah ya raya zuri'a. Nomau yana juyawa yana danne dariya. Fuskar yarinyar ta yi ja, ta ce ita aiki kawai take yi, ba nata ba ne.

"To ta kai mu wurin babbansu."

"Ta ce shi ma ba nashi ba ne."

"To na wa ne?"

Ta nuna mutanen da ke layi a bayana, masu sanda, masu ciki, tsofaffi. Sannan ta nuna ni.

"Sai ka tsuguna ka gode ma kanka," in ji Nomau.

Na juya na gaida mutanen layin. Wasu suka amsa, wasu suka ɗauka taɓaɓɓe ne. Goron na bar shi a bakin tagar.

Aka haɗa mini abin da ya rage na haƙƙina a dunƙule, na sayi kayan aiki, na taho. Nomau ya tsaya can. Innata ta ƙwanƙwasa ƙafar da yatsa, ta ce, "Da ita ka zo, ko ita ta zo da kai?" Dangi suka ce na zama baduku. Na ce na ji. Dukawan kasuwar Tawa sun harare ni da farko, da suka ga ba takalmin gargajiya nake yi ba, na malaman lakwal ne da sojoji da ma'aikatan bariki, sai suka ba ni wuri.

Juma'ar farko na je masallaci da ƙafafuna. Bawa yana nan inda na bar shi, ya rame. Na zauna kusa da shi, na ɗage wando na nuna masa. Ya shafa fatar, ya shafa ƙarfen.

"Wa ya ba ka?"

Na ba shi labari. Ya ce, "Ashe akwai rumbun da ake buɗewa."

Na ce ya zo in koya masa aikin. Ya zo, ya riƙe basilla, ya gwada. Bayan 'yan kwanaki ya ce in bar shi, hannunsa ya saba da wani abu. Ya koma ƙofar masallaci. Ƙafa iri ɗaya muka rasa, ta hagu, wuri ɗaya. Ya fi ni ƙarfi, ya fi ni sana'a. Shi a gida ya rasa tasa, ni a Marsey.

Yanzu ina Tawa, bakin kasuwa, rumfa ta kusa da masu guga. Na yi aure, 'yar baduku na aura, su ba su tambayi asalina ba. Ƙafar fatarta ta tsufa, ni nake gyara ta da kaina, da wuƙar Luwi. Ran Juma'a nakan kai wa Bawa fura. Ban taɓa miƙa hannu ba.